Kujerar Hajiya da tarihin cike gurbi a majalisun shawara

Wata huɗu ke nan da rasuwar Hajiya, Allah ya jiƙanta da rahama, kuma har yau babu wanda ya zauna a kujerarta a kwamitin shawara na garinmu. Ga wanda bai san kwamitin ba, mutum goma sha ɗaya ne ma'aikatar magajin gari, wato meri, ta tara: ƴan kasuwa, limamai, wakilin makiyaya, wakilin matasa, sai mu biyu na ɓangaren makaranta, ni da ita. Ana kiranmu sau uku ko huɗu a shekara a ji bakinmu a kan kasuwa, ruwan famfo, shara da ginin azuzuwa. Ba mu sa hannu a kan ko dala. Mu faɗa, a rubuta, mai iko ya ɗauka ko ya bari.

Hajiya ta yi shekara talatin da ɗoriya tana riƙe da alli kafin ta yi ritaya, kuma ita kaɗai ce mace a cikinmu. Tana da wani kaye mai baƙin bango da take zuwa da shi kowane zama. A ciki ta rubuta kowace makaranta ta gari, da yawan azuzuwan zana da ke cikinta, da nisan kowane aji daga murhun masu tuya na bakin ƙofa. Ta fara wannan lissafi ne a 2021, shekarar da wuta ta kama azuzuwan zana a Yamai cikin watan Afrilu, ta sake kamawa a Maraɗi cikin Nuwamba. Yara wajen 20 suka mutu a Yamai, a Maraɗi fiye da haka, kuma yawancinsu ƙanana ne da ba su daɗe da fara riƙe allo ba. Bana an ce akwai kuɗin gina azuzuwa shida na siminti, kuma za a tambayi kwamiti inda ya kamata a sa su. Mai kayen ba ta nan.

Na je meri na tambayi yadda za a maye gurbinta. Sakataren ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni wurin zama, ya ce ana dubawa. A cikin gari kuwa sunaye uku ke yawo, duka maza, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ɗansa ke zaune a ajin zana. Da na koma gida na ɗauko takardar da ta kafa kwamitin na karanta ta sau biyu. Ta faɗi yawan mutane, ta faɗi ɓangarorin da za su fito, ta faɗi wanda ke kiran zama. A kan abin da za a yi in wani ya mutu, ko ya ƙaura, ko ya ajiye, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ne ya komar da ni ga tarihi, domin na daɗe da lura cewa ranar kafa kwamiti kowa na nan, da kiɗa da ɗaukar hoto, amma ranar cike gurbi ba a sanin ta. Sai dai ka zo zama ka tarar da baƙuwar fuska.

Mu fara da gida, kafin zuwan Nasara. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga masu jihadi suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19 sun taho da tsarin sarautarsu. Ƙarƙashin sarki akwai manya huɗu da ake kira rukuni: Galadima, Ƙaura, Durbi da Ƴandaka. Wani masani mai suna M. G. Smith ya yi rubutu a kan yadda suka yi aiki a zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu a kan gado har zuwa 1875. In sarki ya rasu, su ne ke zama su zaɓi wani daga cikin ƴaƴan sarauta. In ɗaya daga cikinsu ya rasu, sarki ne ke naɗa wani. Kowane ɓangare na riƙe da igiyar ɗaya. Kuma sarki ba shi da damar ɗauko duk wanda ya ga dama, domin Durbi da Ƴandaka sarautu ne na gidaje sanannu, Ƙaura kuwa sai wanda mayaƙa za su bi. A Tsibiri ma Gobirawa na da tasu majalisa ta mutum tara, Taran Gobir.

Ba na cikin masu mai da wancan zamani aljanna. Talaka ba shi da kujera. Mace ɗaya da ke da murya a fada, Iya a Maraɗi ko Inna a Gobir, ƴar gidan sarauta ce. Amma ƙa'idar cike gurbi a fili take. Yaron da ke talla a kasuwa ya san gidan da sabon Durbi zai fito, kuma ana naɗa rawanin a gaban jama'a, da algaita. In an kauce wa ƙa'ida kowa zai gani, kuma sarkin da ya kauce ya san akwai mutum huɗu da za su iya juya masa baya.

Majalisar shawara irin wadda muka sani yau, wadda hukuma ke tarawa ta ji ra'ayi ba tare da ra'ayin ya ɗaure ta ba, da Faransawa ta zo. A ranar 21 ga Mayu 1919, bayan yaƙin duniya na farko da ya kwashe dubban samarin Afirka, Faransa ta fitar da doka ta kafa majalisun manyan gari a yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma. Nijar tana hannun soja a lokacin, sai a 1922 ta zama koloni, da Damagaram a matsayin babban birni har zuwa 1926 da aka koma Yamai. Majalisar kan ƙunshi mutum 8 zuwa 16. Kumandan ne ke shugabantar zama, shi ne ke kawo sunaye, gwamna ya sa hannu. Ana tambayarsu a kan lanho, da rabon aikin tilas, da kuɗin fatanti na ƴan kasuwa, da ayyuka kamar hanya da rijiya. Abin da kumandan ya ajiye a gabansu shi suke magana a kai.

Kakana na wajen uwa ya ga wannan da idonsa, ko da yake daga bakin ƙofa. Yaron wani babban ɗan kasuwa ne mai sayen gyaɗa, shi ke riƙe masa doki. Ya sha ba mu labarin ranar da aka sa ubangidansa a majalisa. Wani tsoho daga cikin manyan ya rasu, aka yi kwanaki babu wanda ya ji komai, sai ga gardi da sassafe a ƙofar gida, ya ce kumandan na kira. A wancan zamani kiran bariki ba abin murna ba ne, domin dokar da ake yi wa ƴan ƙasa ta ba kumandan ikon kulle mutum kwanaki ba tare da alƙali ba. Mutumin ya yi sallama da matansa, ya faɗa wa babban ɗansa inda ya binne kuɗi, ya hau doki. Da suka isa, tafinta ya shaida masa cewa daga yau yana cikin manyan da ake shawara da su. Kakana ya ce sai da suka yi nisa da bariki ubangidansa ya iya magana.

Abin da ke faruwa a zaman, bisa ga abin da yake jiyowa ta taga, bai da yawa. Kumandan ya karanta adadin lanho na bana, tafinta ya fassara, manya su ce to. Sau ɗaya ubangidansa ya roƙi a jinkirta karɓar lanho har a sayar da gyaɗa, domin mutane na sayar da hatsin ci su biya, kuma aka jinkirta. Saboda haka ba zan ce kujerar banza ce ba. Amma akwai wani dattijo da ya yi gardama a kan yawan mutanen da za a kwasa aikin hanya, ya maimaita, ya ɗaga murya. Babu wanda ya kore shi. Zama na gaba dai gardi bai je gidansa ba, kuma aka ga wani a wurinsa. Sauran suka fahimci darasin ba tare da an fassara musu ba.

Ina yawan tuna wannan labari in na ga yadda sabon ɗan kwamiti ke zama a ranarsa ta farko. Idonsa na kan wanda ya kawo shi. Ba mugunta ba ce, ɗabi'ar ɗan Adam ce, wanda ya ba ka kujera shi kake jin nauyinsa.

Ga birane kuma akwai wata doka ta 4 ga Disamba 1920, wadda ta tsara abin da suka kira commune mixte. Magajin garin Bature ne ma'aikacin gwamnati, a gefensa akwai kwamitin gari. Dokar ta yi matakai uku: a na farko gwamna ne ke naɗa ƴan kwamitin, a na biyu wasu zaɓaɓɓun mutane kaɗan ke kaɗa ƙuri'a, a na uku kowa da kowa. An ce gari zai riƙa hawa mataki-mataki in ya nuna ya isa. Wanda ke auna isar shi ne wanda ke naɗawa, don haka yawancin garuruwa suka daɗe a mataki na farko. Garuruwa huɗu na Sanagal, ciki har da Dakar, su ne ke zaɓen magajin garinsu tun ƙarni na 19.

Abubuwa suka fara motsi bayan yaƙin duniya na biyu. A 1946 aka soke aikin tilas, aka soke dokar kulle mutum ba shari'a, aka kafa jam'iyyar PPN. Dokar 18 ga Nuwamba 1955 ta sa Yamai cikin biranen da za su zaɓi majalisarsu da magajin garinsu, dokar watan Yuni 1956 kuma ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. A watan Nuwamba 1956 aka yi zaɓe, Djibo Bakary ya zama magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa, bayan jam'iyyarsa ta haɗa kai da BNA. Ƴan'uwana malamai su lura: Djibo Bakary mushe ne, Diori Hamani mushe ne, Boubou Hama mushe ne. Ƙasar ba ta da masu ilimin boko da yawa, wanda ya iya rubuta takarda zuwa ga gwamna shi ake turawa gaba. Wannan zaɓe bai yi tsawon rai ba. Sawaba ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, ta sha kaye, gwamnatin Djibo ta faɗi, a 1959 aka haramta jam'iyyar. Daga nan har 1974 jam'iyya guda ce, jerin sunaye guda. Dokar 1964 ta raba ƙasa jaha-jaha da gundumomi, ta tanadi majalisu, amma inda babu abokin takara, mai rubuta jerin sunaye shi ne mai zaɓe.

Zamanin da na gani da idona shi ne na Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Ya rushe jam'iyya da majalisa, sannan ya nemi wata hanyar jin bakin jama'a wadda ba ta bi ta siyasa ba. Ya farfaɗo da samariya, ya jingina da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma, ya ce a kan waɗannan ginshiƙai biyu za a gina al'umma mai neman ci gaba. Aka jera majalisu tun daga ƙauye da unguwa, zuwa kanto, zuwa gunduma, zuwa jaha, har babbar majalisar ƙasa da aka kafa a 1983. A ƙauye mai gari ke shugabanta, a gunduma sufurefe, a jaha perefe. Ƙungiyar matan Nijar da ƙungiyar addinin Musulunci su ma suna da wakilai.

Ina saurayi a lokacin, kuma ba zan yi butulci ba. Mun buga tubali da hannunmu, mun gina azuzuwa biyu a unguwarmu, ana kiɗa ana guɗa, ƴan mata na ɗebo ruwa. Ɗaya daga cikinsu na nan tsaye har yau, da rufin kwano da aka sake masa. Aiki ya yi. Amma na kuma ga yadda aka cike gurbin wakilinmu lokacin da ya tafi aiki Arlit. Aka tara mu ƙarƙashin bedi bayan la'asar, aka ce ba a ƙuri'a, ƙuri'a rarraba kai take kawowa, da fahimtar juna za a yi. Sarkin samari ya ambaci suna. Mai unguwa ya ce ya yi. Aka tambaya ko akwai mai magana. Wa zai ɗaga hannu a gaban ubansa da surukinsa ya ce ɗan mai unguwa bai dace ba? Daga baya muka ji cewa sunan ya riga ya kwana a teburin sufurefe kafin a tara mu. Yaron ba mugu ba ne, sai dai duk shekarun da ya yi yana wakiltarmu ban taɓa jin ya dawo ya gaya mana abin da aka ce ba, mu ma ba mu taɓa tambayarsa ba, tun da ba mu muka aike shi ba.

Waɗanda suka fara ƙin yarda da wannan a fili mata ne. A 1991, da aka kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa, mace guda aka sa a cikin mutum gommai. Ranar 13 ga Mayu mata suka fito kan titunan Yamai da yawansu, suka nufi ofishin firaminista, ba su watse ba sai da aka ji su. Aka ƙara mata biyar. Taron ya buɗe ranar 29 ga Yuli, ƙarƙashin André Salifou, malamin tarihi ɗan Damagaram, ya kai har farkon Nuwamba. Ranar 13 ga Mayu da muke bikin matan Nijar kowace shekara, da atamfa iri ɗaya da jawabai, asalinta rigima ce a kan kujerun kwamiti. Ina so malamai su riƙa faɗa wa yara haka. Dokar kaso ta 2000 ta biyo baya, da kashi 10 cikin 100 a kujerun zaɓe da 25 a na naɗi, a 2019 aka ɗaga zuwa 25 da 30. Hajiya na cikin waɗanda suka ji labarin tattakin a rediyo tana ƙaramar malama a ƙauye, kuma ta sha cewa da ba don shi ba da ko gayyatarta ba za a yi ba.

Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu 1999 bai kai ko'ina ba, rigima ta biyo shi, juyin mulki ya zo a Afrilu. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi wanda ya zauna, a komin 265, da kujeru 3,747. A nan ne na ga amsa mafi tsabta da aka taɓa ba tambayata, a takarda dai. Kowane ɗan takara na tafe da mataimakinsa, wanda ake kira suppléant da Faransanci, kuma tare ake zaɓensu. In mai kujera ya mutu ko ya ajiye, mataimaki ya hau, babu zuwa biro, babu ana dubawa. Inda abin ya gaza shi ne mu masu ƙuri'a ba mu kallon suna na biyu. Jam'iyyu sun gane haka, suka mai da wurin na sallamar wanda ya ba da mota lokacin kamfe, ko na ajiye macen da ba a so ta yi gaba. A waɗannan majalisu sarakunan gargajiya da depitoci na zama su ma, da muryar shawara, ba su kaɗa ƙuri'a. Nasu gurbin ba shi da wahala, wanda ya gaji rawani ko ya ci zaɓe shi ya gaji kujera.

Yanzu in zo ga inda nake da laifi. A 2004 wani shiri da ƙasar Japan ta tallafa, wanda ake kira Makaranta don Kowa, ya fara aiki a jahar Tawa da kwamitocin kula da makarantu, COGES, waɗanda daga baya aka sake wa suna CGDES. A 2005 gwamnati ta ce kowace makarantar firamare ta sami nata. Sabon abin da shirin ya nace a kai shi ne a zaɓi wakilan uwayen yara da ƙuri'ar asiri. Ni darekta ne a lokacin a wani ƙauye na jahar, kuma na ɗauka ɓata lokaci ne, tun da kowa ya san wanda za a zaɓa.

Muka kafa zana a kusurwar fili, muka ajiye akwati a bayanta. Tun da yawancin uwaye ba su karatu, kowane ɗan takara aka ba shi launin takarda. A kujerar ma'aji mutum biyu suka tsaya: ƙanen mai gari, da wata bazawara mai matsar man gyaɗa, wadda matan unguwarta suka tura gaba tana ƙi. Da ɗaga hannu aka yi, na rantse ko ita kanta shi za ta ɗaga wa. Da aka zube akwati aka ƙirga a gaban kowa, ta ninka shi. Fili ya yi tsit. Mai gari, Allah ya saka masa, shi ya fara cewa Allah ya sa albarka. Matar nan ba ta iya rubutu ba, amma tana da gwangwani uku da ƙulli a bakin zane, kuma a kowane taro sai ta sa ɗanta na aji shida ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har dala. Shekarar nan uwaye suka kawo karan rufi da hatsi da kuɗi fiye da yadda na taɓa gani, muka sayi benci, muka ɗauki mai gadi.

Bayan shekara biyu shugaban ƙungiyar uwayen ya tafi bida Abijan, kamar yadda mazan yankin ke yi, ya aiko cewa ba zai dawo da wuri ba. Lokacin girbi ne, tara mutane wahala, insifekta na jiran takardar tsarin aikin shekara. Na ce a raina kujera ɗaya ce, kuma saura shekara guda a sake zaɓe. Na kira wani abokina mai shago, mutum mai hankali wanda ya iya Faransanci, na ce ya riƙe. Na rubuta sunansa na aika. Babu wanda ya yi mini magana, kuma na ɗauki shirun yarda ce.

Taron da ya biyo baya mutum ashirin ba su cika ba, inda a da fili ke cika. Kuɗin da ake tarawa ya ja baya. Ma'ajiyar ta ci gaba da zuwa amma ta daina sa ɗanta karanta lissafi. Da na matsa mata, sai ta ce, Mushe, tun da kai ka san wanda ya dace, kai ka san lissafin ma. Abokina bai ci ko dala ba, ina shaida. Amma mutanen da aka nuna wa akwati sau ɗaya sun gane bambancin wanda suka sa da wanda aka sa musu. Sai da na tsaya a gabansu bayan sallar Juma'a na ce na yi kuskure, muka sake kafa zana. Abin dariya, abokin nawa ne ya ci, da ƙuri'a kaɗan a kan wani. Mutum guda, kujera guda, amma daga ranar in ya yi magana a taro jama'a yake kallo, ya bar kallona.

Tun daga nan nake ƙirga irin wannan a duk inda na zauna. Kwamitin da aka kafa da mutum goma sha ɗaya, in kowace shekara ɗaya ko biyu suka fita ta mutuwa, ƙaura ko gajiya, cikin shekara biyar rabinsa sababbi ne. In ba a rubuta yadda ake shigowa ba, wannan rabin duk ta ƙofa guda suka shigo, kuma babu ranar da wani zai nuna ya ce ga lokacin da aka ƙwace kwamitin. Kowane naɗi shi kaɗai ƙaramin abu ne da bai isa a yi faɗa a kansa ba.

An sake zaɓen ƙananan hukumomi a Janairu 2011, sannan a Disamba 2020 bayan an yi ta ƙara wa'adi. A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun, suka naɗa jami'ai su riƙe garuruwa. Ba wannan nake son tattaunawa a nan ba, kowa na da ra'ayinsa. Abin da ya shafe mu shi ne, a halin da ake ciki, ƙananan kwamitoci irin namu na cikin wurare kaɗan da mai ɗa a makarantar gwamnati zai zauna a ɗaki guda da mai sa hannu ya ce masa ga inda wuta za ta fi saurin kamawa. Wanda ke riƙe da garinmu baƙo ne, mutumin kirki a iya ganina, amma bai san wace makaranta ce ke bayan masu tuya ba. Wani zai gaya masa. In mai fili kusa da sabuwar unguwa ne ya zauna a kujerar Hajiya, azuzuwa shida za su tafi inda filaye ke neman tsada.

Akwai masu ce mini na cika tsanani, kujerar shawara ce kawai, ba albashi, ko kuɗin mai ba a bayarwa kullum. Na yarda. Ubangidan kakana ma kujerar shawara ce ya zauna, kuma jinkirin lanho na wata biyu ya hana gidaje da yawa sayar da rumbunsu. Akwai kuma masu cewa zaɓe na kawo gaba, gara a bar manya su duba. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, na ga ƙauyen da zaɓen COGES ya raba gida biyu har shekara. Amma gabar da aka yi a fili tana da ranar ƙarewa, ta ƙarƙashin bedi kuwa har yau akwai tsofaffin samarin unguwarmu da ba su gaisawa da ɗan mai unguwa.

Makon jiya na rubuta wa meri takarda, darektoci huɗu da shugabannin uwayen yara bakwai suka sa hannu tare da ni. Mun roƙi a sanar da gurbin a rediyon gari kuma a ba mai shela, a bar kujerar ga ɓangaren makaranta kuma ga mace, a bar ƙungiyoyin uwaye mata na makarantun gari su zaɓe ta a bayan zana tare da mataimakiyarta, sannan a ƙara layi biyu a takardar kafa kwamiti domin wanda zai mutu nan gaba, ko ni ne. Sakataren ya buga hatimi a kwafinmu ya ce zai miƙa. Ba a ba mu amsa ba tukuna, zaman azuzuwa kuma an sa shi farkon wata mai zuwa.

Uwaye mata sun ce ba za su jira ba. Za su taru ranar Alhamis bayan la'asar a filin makarantar da ke kusa da tasha, su fitar da sunansu, in an karɓa to, in ba a karɓa ba a san sun fitar. An ce in kawo akwati da takardu masu launi, kuma in tsaya a waje. Babbar ɗiyar Hajiya ta aiko cewa kayen na wurinta, za ta zo da shi ta ba wadda aka zaɓa.